Kunnen Hagu

A makaranta malam ya rubuta a allo:
dalilan yaƙin duniya guda biyar ne.
Sulhun da aka yi da haƙora a cije,
bashi, yunwa, kwaɗayin ƙasar wani,
na biyar ya ɓace mini.
Na kwafe tsaf, na kawo gida Wurno,
na karanta wa kakana Arzika
ta kunnen dama,
don na hagu ya baro shi a Bama.

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Wa yag gaya musu?
Mu dai abin da munka sani,
wasu sunka yi faɗa bisa iyakar gona
can inda rana ba ta da zafi,
sai sunka zo aron ƙafafunmu."

Ranar kasuwa ce.
Ya kawo jajayen fatun akuya goma sha biyu,
jimar bagaruwa, aikin hannun ubansa.
Mai unguwa ya nuna shi da leɓe:
dogo ne, ba ya tari.
Fatun suka bi jirgi, shi ma ya bi jirgi.
Bayan shekara ya ga safar hannun wani hafsa,
ya faki ido ya shinshina,
ya rantse warin gidansu ne.

Teku, in ji shi, Rima ce ta haukace,
ba gaɓa, ba masunci, ga gishiri.
Bayanta daji, ruwa ba ɗaukewa,
matsattsaku a ƙwauri, akwatin harsashi a ka.
Labbo na Gwadabawa yana gabansa
yana waƙar noma ƙasa-ƙasa,
har ranar da waƙar ta tsaya a tsakiyar baiti.
Da ganyen gora suka rufe shi.
Sai da suka yi gardamar inda za su juya fuskarsa,
domin a can, gabas ɗin salla yamma take.

Akwai wanda shi ma ya harba.
Sau ɗaya tak ya ba ni labarin:
yaro ne, a aljihunsa ƙullin shinkafa
da hoton wata tsohuwa.
"Ban san sunanai ba.
Bai taɓa ci mini ko kunya guda ba."

Da aka gama, manya suka zauna,
suka sake zanen duniya da jan alƙalami,
suka gina zauren hana faɗa.
Ba wanda ya tambayi inda Labbo yake.

Arzika ya dawo da takalmi, da bargo,
da lambar tagulla, da takardar alkawari.
Takardar gara ta karanta ta.
Ramin jima ya cike da ƙasa,
fadama tana hannun ƙanen uba,
Inno kuwa an yi sadakar arba'in ɗinta
tun yana cikin jirgi.

In damina ta faɗi, in aka yi tsawa,
mutum mai jikoki goma
sai ya rarrafa ƙarƙashin rumbu.
Kakata Tumba ta jawo kujerarta kusa,
tana tsinkar zogale,
tana ba shi labarin tsadar kanwa
kamar ba ta ga komai ba.
Shekara arba'in tana wannan gadin,
ba a ba ta lamba ba.

Tasa lambar tana nan.
Kawuna yana ɗora ta a sikeli
in awon tafarnuwa ya ƙi cika.

Bana na je sayen taki,
buhu ya ninka uku.
Mai shago ya ce ba laifinsa ba ne,
yaƙi ake yi a wata ƙasa mai ƙanƙara.
Na tsaya da kuɗin rabin buhu a hannu,
ina kallon samari dogaye a tashar babur,
babu mai tari a cikinsu,
ina ta lalube
ko zan tuna dalili na biyar.