An Kori Ƙara

Arzika ake kirana.
Kada ka yi dariya, na riga ka.

Shekaru uku ke nan na ci bashin banki,
na kwaso albasa buhu ɗari huɗu daga fadamar Goronyo,
na jibge a rumfa bayan Kara
ina jiran farashi ya ɗaga kai.
Ruwan farko ya riga shi isowa.
Wanda bai taɓa jin warin ruɓaɓɓiyar albasa ba
bai san dukiya ma tana yin gawa ba.
Ƙudaje suka ƙoshi, suka bar mini saura.

Lauya Sahabi ya ce akwai ƙofa:
ka kai kanka kotu da ƙafarka,
ka ce arziki ya karye,
a ƙirga abin da ya rage, a raba wa masu binka,
ka fito da wandonka da numfashinka.
Na sayar da babur, na biya kuɗin takardu.

Zama na uku ina asibiti,
ana ƙara wa autana ruwa.
Wata takarda kuma, wai, babu hatimi a gindinta.
Sahabi ya bugo waya: an kori ƙara.

Wallahi murna na yi.
Na zaci bashin aka kora
kamar akuya daga bakin buhun dussa.
Har kilishi na saya wa yara a hanya.
Ashe ni aka kora.
Bashi na nan zaune kan bencin kotu,
ya yi kumatu da kuɗin ruwa,
ya tashi ya biyo ni har Mabera.

Da kaka ta zagayo na wanke babbar riga,
na shiga wani bankin, ba na da ba.
Sanyin na'ura, kujera mai laushi,
yarinya sa'ar 'yata ta ce in karanto lambata.
Goma sha ɗaya ce, na haddace ta.
Ta danna. Ta yi shiru.
Na ga fuskarta ta rufe a hankali
kamar shago lokacin sallar Juma'a.

"Baba, sunanka na cikin rahoto.
Bashin da ba a biya ba, ga shi,
ga kuma bayanin ka taɓa zuwa kotu."
Na ce, 'yata, ai an kore ta.
Ta ce, "Ƙarar aka kora.
Zuwan da ka yi bai gogu ba."

Tabo biyu da faɗuwa ɗaya.
Ban sami inuwar kotu ba,
amma an rubuta cewa na nemi inuwa.

Ko masu ba da rance ta waya,
waɗanda ke roƙon kowa da tsakar dare,
da na taɓa sai suka ce in gwada wani lokaci.
Na'ura ba ta san ruwan sama ba.
Ba ta san auta ya warke ba.

Jabbi na tarar a Tsohuwar Kasuwa yana gyaran sikeli.
Bai ɗago ba ya ce, "Mi kaka so?"
Na ce buhu goma, zuwa bayan salla.
Ya daɗe yana hura ƙura daga ma'auni.
"Shidda," in ji shi. "Don ubanka bai taɓa cin sisina ba."
Ashe shi ma yana da rahoto,
nasa dai ya fi na banki tsawon baya.

Yanzu duk ƙarshen wata
nakan kai wa bankin farko ɗan abin da ya samu,
in ninke rasit, in tura cikin gwangwanin madara.
An ce rubutun yana sauyawa in an daure.
Ban sani ba.
Gwangwanin dai ya kusa rabi,
hannuna kuma ya koma warin albasa,
mai rai.