Gahawar Baba Cindo

Da muka fito daga asibitin Garwa,
takarda a hannuna, hula a hannunsa,
bai ce uffan ba sai a kan gadar Binuwai.
Ya leƙa ruwa, ya ce:
"Shekara talatin ina jan tirela
daga Ngaundere zuwa Kusuri,
ko ɓarayin hanya ba su kaɗa mini hanta ba.
Ashe tana can ciki, shiru,
tana rubuta bashinta."

Idonsa ya koma garin ɗorawa.

Likita ta ce: ƙwaya kullum, ban da tsallake.
Jiƙe-jiƙen tasha, a yi sallama da su.
"Gahawa fa?" in ji shi.
Ta cire tabarau. "Kofi biyu, babu sukari.
Wataƙila ta ɗan tallafa,
amma ba magani ba ce."
Duk jawabin nan,
"tallafa" kaɗai ya shiga kunnensa.

Tun daga ranar, ni ce mai kasko.
Bayan asuba nake soya 'ya'yan
har su yi baƙi, su fara gumi,
in daka da 'yar citta,
turmi yana gaishe da maƙwabta kafin mu.
Yana kurɓa, yana yamutsa fuska:
"Lantana, wannan ai maɗaci ne ya yi wanka."

Ya rantse ya bar sukari.
Tururuwa ce ta ƙaryata shi:
layi guda, daga bakin ƙofa
har aljihun rigar Juma'a.
Na zazzage, ƙwaya bakwai.
Ya ce na baƙi ne.

Bobbo Hamajoda, tsohon yaron motarsa,
wanda suke kamar jini da hanta,
ya zo da gora a leda, saiwa tana iyo ciki.
Baba ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya,
da ya tafi, ya shayar da gindin darbejiya.

Wata uku, aka sake ɗibar jini.
Lambar ta ɗan sauko. Ɗan kaɗan.
Ya ce gahawa ce.
Likita ta ce ƙwaya ce.
Inna ta ce tsayuwar darenta ce.

Ni ban sa baki ba.
Na san dai jiya ya cinye tuwonsa,
ya tambayi wa ke riƙe da makullin motar.
Na wanke kofin, na kife,
na auna na gobe.