Layin Sookdeo

A asibitin Mahébourg
Devianee ta buɗe rajista, shayinta na hucewa.
Alhamis ce, ranar masu ciwon suga:
a soki yatsa, a leƙa ido,
a tuɓe takalmi, ƙafa ta faɗi gaskiya.

Suna sha tara, kai sha takwas.
Sookdeo bai zo ba.
Shekara arba'in yana saran rake,
yau zaƙin ya biyo shi cikin jini.

Ta buga waya. Jikarsa ta ce,
"Ya taka ƙusa tun Lahadi,
bai ma ji ba."

Ba ta yi faɗa ba.
Ta cusa auduga a jaka,
ta tari bas mai ratsa gonakin rake.

Layinsa na nan a buɗe,
biro kwance a kai.