Kainuwar Korle

Kakata Barikisu takan ce
kainuwa dashen Allah ce.
Ta rasu ba ta ga wannan ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da teku ta tako cikin Ankara da dare,
ta sha Makola, ta kurkure baki da Kaneshi,
ta bar Nima tsibiri, Mamobi tsibiri,
mu kuwa ta koro mu tudun Legon
da tabarmi a ka.

Yau na ari kwalekwalen Fuseini,
don gishiri ya ƙare a tudu,
miya ta zama ruwan ganye.
An ce yana nan kwance fari fat a bakin Densu,
ga wanda ciyawa ta ba hanya.

Na bi ta kan tsohon titi.
Filafilina na taɓa rufin motoci a ƙasa,
ƙwal, ƙwal, kamar mai sallama a gidan da babu kowa.
Kachalla ta fi bene tsawo.
Bado ya buɗe fure faɗin tabarma,
tsakiyarsa na numfashi.
Na ga saiwa ta cire ƙafa daga laka,
ta matsa taku ɗaya, ta sake kafewa,
kamar tsohuwa mai gyara zama a gidan suna.

Babu kwaɗo. Babu ƙaguwa.
Ko sauro, ɗan anace, ya yi ƙaura.

A Korle na tsaya.
Nan na ƙona wayoyi ina ɗan sha huɗu,
ni da Sandow da wani yaro mai tari
da ban ƙara jin labarinsa ba.
Mukan zare tagulla mu kai sikeli,
mu shure tokar cikin ruwa.
Ga tokar nan ta yi ganye.
Na ɗaga guda na duba a rana:
jijiyoyinsa jajaye, siraran waya,
na latsa, ya ja ni kamar lantarki.

Kaka, wannan ba dashen Allah ba ce.
Na san hannun da ya dasa ta,
shi ne riƙe da filafilin nan.

Da la'asar ciyawar ta fara magana.
Ba da harshenta ba, da namu.
Duk abin da garin ya taɓa faɗa ta haɗiye,
yanzu tana tuƙa shi kamar saniya:
kiran yaron mota, hon, kukan jariri,
cinikin doya da ba a ƙarasa ba,
rabin kiran salla.
Sai daga wani kurmi inda layinmu yake a da
na ji: koko da zafi, ƙosai da zafi!
har da ɗan tarin da takan yi a ƙarshe.

Na amsa.
Wallahi na san ganye ne, na amsa.

Gishirin dai na samo, buhu ɗaya da rabi,
kore-kore a gefe, na kankare.
Na juyo da dare, ganyaye na haska mini hanya
shuɗi-shuɗi, kamar fuskar wayar hannu
a zamanin da ake kiran mutum ya ɗauka.

A tudu mata sun yi guɗa.
Fuseini ya duba jirginsa ciki da bai,
ya ƙone ɗan ganyen da ya manne a gindi,
haka dokar take.
Ya ce, ba ka taho da komai ba?
Na ce babu.

Ban nuna masa tafina ba,
inda filafili ya yi mini kanta ta fashe.
Wani ɗan tsiro ya leƙo a ciki,
bai kai ƙwayar gero ba.
Idan kowa ya yi barci
nakan kara shi a kunne.
Bai iya komai ba tukuna
sai tarin nan.