Awa Uku

Ƙarfe tara nake buɗe keji.
Aikina ke nan a Samaru, ɗakin ƙarshe,
inda fanka ke tari janareto na amsa mata.
In ɗauke uwar ɓeraye,
in bar 'ya'yan jajaye, ido bai buɗe ba,
awa uku cur.

Dakta Barmani ta ce kuka suke yi,
kunnen ɗan Adam ne bai kai can ba.
Na'ura ke ji, ta zana shi a allo
kamar haƙoran zarto.

Wata biyu sun girma, gashi fari sol,
ba ciwo ba tabo.
Amma sake su a fili, sai su bi gindin bango.
Murfin biro ya faɗi, su sandare.
Ta yanko ƙwaƙwalwa, ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba,
ta ce, "Jatau, leƙa.
Nan tsoro ya kafa harsashi."

Na leƙa. Shuɗi-shuɗi, kamar ruwan marina.
Ban gaya mata ba
ni ma gindin bango nake bi.
A masallaci sahun baya, kusa da takalma.
Taya ta fashe a Kwangila,
kowa ya waiwaya ya wuce,
ni sai la'asar hannuna ke daina rawa.

Ina shekara uku Inna ta kwanta asibitin Tudun Wada.
Wata bakwai.
An ce na daina magana.
Ban tuna komai ba.
Kai ya manta, gaba ce ta riƙe.

Sha biyu nake mayar da uwar.
Ta tattaro su da baki ɗaya-ɗaya,
ta lasa, ta lasa,
kamar mai goge allo.
Dakta ta ce 'ya'yan mai yawan lasa
su ke fara leƙa tsakiyar fili.
Ba duka ba. Lissafin bai kammala ba tukuna.

Sai na tuna Tasalla mai daddawa,
ba dangin iya ba na baba,
katanga kawai muka haɗa.
Ita ta goya ni tana tsaye kan tukunya.
Har yau warin da mutane ke toshe wa hanci
ni barci yake sa ni.

Yau saura minti goma.
Ba zan cuci littafin Dakta ba.
Na tsaya, uwar na motsi a tafina,
allo yana ta zana haƙora,
ina ƙirgawa tare da su.