Ƙarfe Uku da Minti Goma Sha Huɗu

A Valparaíso gidaje kan hau tsauni kamar awaki,
nawa shagon yana can ƙasa, bakin tashar jiragen ruwa.
Igiya nake sayarwa, da fenti, da fitilun kwalekwale.
Ran Talata Don Floridor ya shigo, waya a hannu, yana murmushin mugunta:
"Ismenia, yaushe kika koma tallar maganin rage ƙiba?"
Na ɗauka ba'a ce, sai ya nuna min.
Sunan shagona ne a sama, tsaf, ko ɗigo bai ɓace ba.

Kafin a tashi aiki mutum tara sun kira,
har da matar da ke bina kuɗin haya.
Kunya ta lulluɓe ni kamar hazon teku da asuba.

Na sauya kalmar sirri,
na sa mai wuyar da ni kaina sai da na rubuta a tafin hannu.
Na saki manhajar farautar ƙwayar cuta
ta bi kwamfutar lungu-lungu,
ta yi awa biyu tana huci, ta ce min fes.
Daren nan, ƙarfe uku da minti goma sha huɗu,
wasiƙu ɗari huɗu suka fita ina sharar barci.
Na duba akwatin waɗanda aka aika: wayam.
Ɓarawo ne mai share sawunsa da tsintsiya,
ko kuwa ni ce nake dube inda ba a yi sata ba?

Rayén, 'yar ƙanwata, ta sauko daga jami'a ran Asabar
da jaka a kafaɗa da burodi a baki.
Ta ce, "Gwaggo, wasiƙa tana da goshi.
Duk tashar da ta ratsa sai an buga mata hatimi."
Ta karɓi ɗaya daga wurin Don Floridor, ta buɗe cikinta.
Layuka suka zubo kamar jerin tururuwa,
lambobi, ranaku, sunayen na'urorin da ban taɓa ji ba.
Daga ƙasa take karantawa tana yin sama,
yadda muke hawan matakalar unguwarmu, ana hutawa a tsakiya.

Yatsarta ta tsaya.
"Ba daga wannan kwamfutar ba ne.
Ba ma daga akwatinki ba.
Akwai wani akwati a ƙarƙashin sunan shagon nan,
an shige shi daga wata ƙasa mai nisa."
Ta matso da fuska kusa da allo,
sai ta yi shiru, don ta iya karatu.

Evaristo.
Shekara huɗu ke nan da muka kai shi makwanci a kan tudu.
Na rabar da rigunansa, na sayar da babur ɗinsa,
akwatin imel ɗinsa kuwa ko tunawa ban yi ba.
Kalmar sirrin ba sai an faɗa min ba:
sunan kwalekwalenmu na fari da shekarar aurenmu.
Wani can, ko ma na'ura ce marar fuska,
ya yi ta gwada makullai har ɗaya ya shiga.

Rayén ta ce, "A rufe shi?"
Na ce bari in leƙa tukuna.
A cikin tarkacen, ƙarƙashin dubban tallace-tallace,
ga wata wasiƙa da bai ƙarasa ba,
zuwa ga dillalin igiya na Talcahuano:
"Wadda ka aiko mana ta yi siriri, matata ta ce"
Nan ya tsaya. Me na ce? Na manta.

Muka buga ta a takarda, sannan ta rufe akwatin.

Daren nan ban runtsa ba.
Ƙarfe uku da minti goma sha huɗu ta zo ta wuce.
Wani jirgi ya yi kuka a tasha,
kare ya amsa daga kan tsauni.
Ba abin da ya fita da sunanmu.