Mu Tara a Kutaisi

Mu tara muka fara, bayan ɗakin karatu,
da ƙwallo ɗaya mai siffar ƙwai
da Otar ya aro wurin kawunsa.
Ɗinki ya saki, iska na zurarewa.

Filinmu makiyaya ce a bakin kogin Rioni,
sai mun kwashe kashin shanu kafin atisaye.
Gocha ya karanto dokokin zari-ruga a waya,
ya ce, "Baya ake jefawa."
Muka bushe da dariya.
Wa ke neman gaba ta baya?

Ranar gasar Batumi, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Rigunan aro, lamba bakwai har biyu.
Aka yi mana hamsin da nema.
Haƙorin Tornike na can cikin laka,
har yau ba mu koma ɗaukowa ba.

A Telavi, bayan wata uku,
autanmu Beka ya sulale kamar tarwaɗa,
ya kife da ƙwallo bayan layi.
Mu biyar. Su arba'in da ɗaya.

A hanyar gida direba ya waiwayo:
"Ina kofin?"
Muka nuna masa Beka,
yana barci, kunne a kumbure,
ƙwallon kawun Otar a ƙirjinsa.